Disamba ko Janairu

Ranar da alƙali ya raba auren ƙanena Duane da Rhonda, an raba kujeru, an raba tukwane, har a kan injin yankan ciyawa sai da aka yi sa-in-sa. 'Yarsu Josie ce kaɗai ba ta yankuwa biyu, don haka aka yi mata karɓa-karɓa. Ba ta wajen kwana nake nufi ba, don yarinyar nan ta fi kwana a gidana a kan gidan kowannensu. Karɓa-karɓar ta takardar haraji ce: bana uban ne zai rubuta sunanta a cikin waɗanda yake ciyarwa ya samu sassauci, baɗi kuma uwar. Haka kotu ta rubuta, haka suka riƙe, kuma ban taɓa ganin alkawarin da suka riƙe da ƙarfi kamar wannan ba, har da wanda suka ɗauka a coci a gaban idona.

Duane ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, rabin rainonsa ma ni na yi, saboda haka ina da bakin faɗa. Mutum ne da zai manta ranar haihuwar 'yarsa ko a jikinsa, amma ka tashe shi daga barci ka ce masa shekarar wa ake ciki, zai ba ka amsa tun bai buɗe ido ba. Sana'arsa gyaran na'urar ɗumama gidaje, kuma a wannan gari namu na Ohio, inda sanyi ke ratsa mutum har ɓargo, mai wannan sana'a ba ya kwana da yunwa. Yana da a-kori-kura sabuwa fil, yana da kwalekwalen kamun kifi, amma ka ce ya fito da dala ashirin sai ya fara dafe ƙirji. Rhonda kuwa ita ke zama a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori. Ta iya murmushi, ta iya sannu da zuwa, kuma ita kaɗai ce macen da na sani ta mayar da kek kanti bayan an ci rabinsa, ta ce bai yi daɗi ba, ta tsaya a kan ƙafarta har aka ba ta kuɗinta. Na sha faɗa cewa waɗannan biyun Allah ne ya haɗa su, lauyoyi ne suka yi karambani suka raba.

Ni ce Lorraine. Na yi shekaru ina tuƙa motar 'yan makaranta har gwiwata ta ce ta gaji. Ban haihu ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba cewa a duk dangin nan Josie ce kaɗai nake iya zama da ita kaina bai fara sarawa ba.

Tun tana ƙarama burinta ta zama nas. Kwalejin gundumarmu tana koyar da aikin jinya, sai dai guraben kaɗan ne, don asibitin da ake zuwa koyon aiki ba ya ɗaukar ɗalibai da yawa, masu jira kuwa layi ne dogo. Sai a nema na biyu Josie ta samu. A tsakani tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana juya su, tana wanke su, tana haddar sunayen ƙasusuwa a lokacin da abokan aikinta ke cin abinci. Da gurbin ya fito, sai ga tallafin karatu ya biyo baya, daga wani asusu da wata tsohuwar nas ta garinmu ta bari kafin ta rasu. Tallafin ya ɗauke kusan duk kuɗin makarantar, da sharaɗi guda: ba a tsallake zango. Ka tsallake, an ba wani. Abin da ya rage wa iyaye su cika kowane zango dala dubu ɗaya da ɗari biyu ne, kotu ta ce rabi da rabi. Duane na kashe fiye da haka a tayoyin motarsa.

To ga inda Shaiɗan ya samu wurin sa ƙafa. Abin da iyaye suka biya wa ɗansu na kwaleji daga aljihu, kusan duka yakan dawo idan an zo lissafin haraji. Amma hukuma ba ta tambayar daga aljihun wa kuɗin ya fita. Wanda sunan yaron ke cikin takardarsa a wannan shekarar, shi ke kwashewa. Kuma ranar da aka biya ake dubawa. Ita kuwa kwaleji tun farkon Disamba take aiko da takardar kuɗin zango na biyu, ta ce a cika kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'ar farko ta Janairu. Wato kuɗi ɗaya ne, amma ƙafarsa ɗaya tana cikin shekarar Duane, ɗaya tana cikin shekarar Rhonda. In aka biya a Disamba, Duane ya kwashe har da rabin Rhonda. In aka bari sai Janairu, Rhonda ta kwashe har da rabin Duane. Garin nan cike yake da iyayen da suka rabu, kuma yawancinsu a waya suke gama irin wannan magana kafin shayinsu ya huce.

Tun rasuwar mahaifiyarmu a gidana ake cin abincin Kirsimeti, kuma saboda Josie nakan gayyaci Rhonda, in zaunar da ita nesa da Duane kamar yadda nakan raba yara masu faɗa a mota. A wannan shekarar ban ma gama yanka talo-talon ba Duane ya gyara murya.

"Af, Rhonda, kafin in manta. Kuɗin makarantar nan. Ni ina ganin mu tura gobe mu huta. Ki ba ni naki in haɗa."

Rhonda ta ajiye cokali ta dube ni. "Lorraine, taɓa goshin ƙanenki ki ji. Duane ne ke saurin biyan kuɗi? Zazzaɓi ne wannan."

"Ba na son bashi ya tsallaka da ni sabuwar shekara, shi ke nan," in ji Duane.

"Na gyaran haƙoran yarinyar nan fa, da ya yi ta tsallaka shekaru da kai? Shi ɗan'uwanka ne? An ba mu har Janairu, kuma a Janairu za a biya. Albashina bai shigo ba."

"Bai shigo ba, amma kin samu na rina gashi."

"Gashina ne. Gara ni ina da abin rinawa."

Duane ya shafa sanƙonsa bai sani ba, ya sha toka. Josie tana zaune kusa da ni da kwanon dankali a hannu, ta rasa inda za ta ajiye.

"Baba, Mama, don Allah," ta ce. "Ko yaushe ne, ni dai a cika kafin Juma'ar farko ta Janairun nan. Sun gaya mana a aji, duk wanda bai cika ba kwamfuta ce ke cire sunansa, ba mutum ba. Kuma a take ake kiran na gaba a layi."

"Haba 'yar Baba," in ji Duane, yana zuba wa kansa miya. "Barazana ce kawai. Kin taɓa ganin makarantar da ta ƙi kuɗi? Iyakarta su ɗora 'yar tara. Ni ma haka nake rubuta wa masu bashina, kuma ban taɓa ciro wa kowa na'urarsa daga gida ba."

Daga nan aka daina kewaye-kewaye. Duane ya ce bana shekararsa ce, shi ya kai yarinyar makaranta ranar farko, shi ya saya mata jakar littattafai. Rhonda ta ce jakar ta gwanjo ce, kuma ya riga ya ci na zangon farko har da rabinta ta yi shiru, ba za ta sake yin shiru ba. Na ga abin zai yi nisa, na buga cokali a tebur.

"Ku biyun ku saurare ni. Karatun nan zango huɗu ne. Ku bar kowane ya faɗa inda kalanda ta ajiye shi. Duane ya ci na farko, Rhonda ta ci biyu na tsakiya, na ƙarshe ya sake faɗawa shekarar Duane. Biyu-biyu. Yaran da nake ɗauka a mota ma sun iya wannan lissafi."

"Kin san ta kuwa?" in ji Duane, yana nuna Rhonda da wuƙar yanka nama. "Ita ce za ta bari na ƙarshen ya kai Janairu? Disamban baɗi na yi za ta lallaɓa ta biya, ya faɗa shekararta. Ta ci uku, ni ɗaya."

Na juya wajen Rhonda don ta musa. Ba ta musa ba. Ta ɗauki gishiri tana barbaɗawa a hankali, da ɗan murmushin nan nata na wurin aiki. Sai na gane cewa Duane bai yi mata ƙarya ba, abin da shi yake shirin yi bana ne ita take shirin yi baɗi.

"To ni zan biya," na ce. "Duka. Gobe da safe."

"Gobe ai Disamba ce," in ji Rhonda a take. "Ashe dai kin zaɓi ɓangare. Ba mamaki, jini ɗaya."

"To biyu ga Janairu."

"Lorraine!" Duane ya miƙe tsaye. "Yayata ta ciki ɗaya za ta kwashi kuɗin fanshonta ta zuba a aljihun matar nan? Ina raye? Mu ba mabarata ba ne, za mu biya wa 'yarmu."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Rhonda. "Ba mu roƙi kowa ba."

Wannan ce yarjejeniyarsu ta farko tun da aka raba su, kuma a kaina aka yi ta. Josie ta kama hannuna ta ƙarƙashin tebur ta ce a hankali, "Anti, bar shi. Kuɗin aikin gwiwarki ne. Za su biya, haka suke yi kullum." Na janye maganar saboda ita. Kek ɗin kabewa da na yi, Duane ya ci kashi biyu, Rhonda ta naɗe sauran ta tafi da shi.

Disamba ta ƙare ba wanda ya biya ko sisi. Duane ya shiga sabuwar shekara yana kumbure-kumbure. Biyu ga wata Rhonda ta tura rabinta, daidai, ba ƙarin ko anini, ta ɗauki hoton shaidar biya ta aika wa Josie, ta aika wa Duane, ta aika mini, na ji ma har lauyanta na da ta aika wa. Na kira ta.

"Rhonda, rabi bai isa ba. Kin ji abin da yarinyar ta ce."

"Ni na yi abin da kotu ta ce. Sauran na ubanta ne."

"In bai biya ba fa? Ai duk abin da kika cika zai dawo miki, shekararki ce yanzu."

"Ba maganar kuɗi ba ce, Lorraine. Maganar ɗabi'a ce. In na cika masa yau, har in mutu ni zan riƙa cika masa. Ki kwantar da hankalinki, na zauna da mutumin nan, na san shi. Baki ne kawai, in ya ga abin da gaske ne zai durƙusa."

Maganar ɗabi'a. Daga bakin Rhonda. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai sa fasto ya zo gidana.

Duane kuwa na same shi a garejinsa yana gyara ƙugiyoyin kamun kifi.

"Shekarata ta wuce," ya ce, bai ɗago ba. "Ta riƙe kuɗinta da gangan har ta wuce. To mai ci ita za ta biya. In ɗauki gumina in tura, a watan Maris in ga Rhonda da sabuwar kujera?"

"'Yarka za ka biya wa, ɗan banza, ba Rhonda ba."

"Ki daina zagina a garejina. Zan biya, ban ce ba zan biya ba. Bari dai in ɗan gasa ta tukuna. Ai ba za ta bari a kori yarinyar ba, in aka kore ta me za ta rubuta a takardarta?"

Ka ji lissafin uba. Bai ce uwa ba za ta bari a kori 'yarta ba saboda tana sonta. Ya san wadda ya aura, kuma ita ma ta san wanda ta aura, abin da ya sa kowannensu ya miƙe ƙafa ke nan.

Ranar Alhamis Josie ta duba shafinta na makaranta ta ga har yanzu rabi ne. Ta kira ubanta tana kuka, ya rantse mata da kabarin kakarta cewa gobe da safe zai tura. Ranar Juma'a tana bakin aiki tun safe, kuma a gidan tsofaffin ba a shiga da waya, a akwati ake kulle ta. Da rana na kira Duane, ina jin iska na kaɗawa a wayar, yana can kan tafkin da ya daskare ya huda ƙanƙara yana jiran kifi. Ya ce, "An gama, Lorraine, ki bar ni in sha iska." Ita ma Josie da ta fito ta tarar da saƙonsa: an gama, 'yar Baba. Ta yi barcinta.

Asabar da safe ta shigo gidana ko sallama babu, ta miƙo mini waya. Jadawalin darussanta fari fat, ba komai a ciki. A ƙasa an rubuta cewa an cire sunanta saboda rashin cika kuɗi. Muka kira ofis, ba kowa sai Litinin. Muka kira Duane, wayarsa a kashe. Rhonda ta ɗauka, ta ce, "Kin gani ko? Na gaya miki halin ubanki." Wannan ce jajenta.

"Kuskure ne, Anti," Josie ta yi ta faɗa duk ƙarshen makon. "Za su gyara. Litinin ce ranar farko ta zuwa asibiti, in muka je ofis da wuri aka biya, zan riski sauran." Ni ma abin da nake so in yarda da shi ke nan. Na dai ciro katin bankina na sa a jaka.

Litinin ta fito cikin kayan nas, shuɗaye, a goge tsaf, ta ɗaure gashinta baya, da fararen takalma. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba, kuma ganin ya sosa mini rai. Na ja mota a kan ƙanƙara muka isa tun ba a buɗe ƙofa ba. Muna tsaye sai ga a-kori-kurar Duane, sai ga ƙaramar motar Rhonda a bayanta. Josie ce ta aika musu su zo. Suka ajiye motocin nesa da juna, suka fito kowa na kallon wani gefe.

Matar da ke ofishin kuɗi, Misis Petrakis, dattijuwa ce mai tabarau a rataye a wuya, da alama ta ga irinmu har ta gaji. Ta buga sunan Josie, ta duba, ta cire tabarau.

"Wayyo, 'yata. Ke ce ta aikin jinya."

Duane ya ture ni ya matso, ya zaro katinsa ya buga a kan tebur kamar mai sayen gida. "Ga shi. Cire. Har da tarar, ko nawa ce. Ɗan tsaiko aka samu."

"Maigida, kuɗin ba shi ne matsalar ba yanzu. Da wani darasi ne, da na mayar da ita nan take. Amma gurbin jinya ba ya kwana babu kowa. Ƙarfe biyar na yi aka cire ta, aka aika wa ta gaba a layi, ita kuma ta biya a daren. Tana asibiti yanzu haka."

"To a cire ta a mayar da tawa! Tawa ce ta riga ta."

"In cire matar da ta biya a kan lokaci, in sa wadda ba a biya wa ba?"

Ta yi mana kirki dai, ta kira shugabar sashen jinya a waya, ta yi magana da ita a hankali, tana duban Josie. Muna jin muryar daga nesa. Asibiti ya ƙayyade adadi, ba a ƙara ko mutum ɗaya. Josie za ta iya sake nema don shigar watan Agusta, amma a layi za ta tsaya kamar kowa. Tallafin kuwa ba a hannunsu yake ba, kuma sharaɗinsa a rubuce yake.

Josie ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da bakin teburin da hannu biyu. Iyayenta ne suka cika ofishin da murya.

"Ka ce an gama!" in ji Rhonda. "Ka rubuta wa 'yarka an gama!"

"Don na ɗauka kin cika! Ina cikin mota tun ƙarfe huɗu da waya a hannuna, shafin a buɗe, ina jiran in ga kin tura!"

"Ni ma ina gaban kwamfuta a wurin aiki har biyar ta buga! Katina a hannuna! Ina cewa yanzu zai tura, yanzu zai tura, mutumin nan ba zai kai haka ba!"

Sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa. Misis Petrakis ta mayar da tabaranta ta shiga duba wasu takardu da ba su da alaƙa da mu. Wato su biyun suna zaune a wurare biyu, shafi ɗaya a gabansu, kowa da kati a hannu, suna kallon agogo yana cinye gurbin yarinyar, kowa na jiran ɗayan ya fara ƙiftawa. Ni da nake cewa mantuwa ce ko sakaci, ashe na yi musu kyakkyawan zato. Na raina mutane da yawa a rayuwata, iyayen da ke barin yara a bakin titi cikin sanyi ba riga, da masu zagin direba don motar ta makara, amma ban taɓa jin raini ya cika mini baki kamar na wannan safiya ba.

Josie ta ce wa matar, "Na gode, ranki ya daɗe," ta juya ta fita. Muka bi ta.

A filin ajiye motoci dusar ƙanƙara ta fara sauka. Na ɗauka a nan ne ɗayansu zai rungume ta, ko ya ce ki yafe mini, ko ya yi shiru ma kawai, shirun ma da ya wadatar. Duane ya tura hannuwa a aljihu yana shurin ƙanƙara da takalmi, yana cewa zai kai ƙarar makarantar, ya san wani lauya. Rhonda ta ce ta manta ba ta tambayi yadda za a mayar mata da rabinta ba. Sai ta tsaya cak, ta ɗaga hannunta mai safa, na ga leɓenta na motsi.

"Tsaya, Josie. Agusta suka ce ko?" Ta fara lanƙwasa yatsu. "Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba. Biyar. Ai shi ke nan! Doka ta ce wata biyar na karatu a shekara ya isa. In kin koma a Agusta, ko da wasu darussan ne kafin gurbin ya fito, har yanzu ɗaliba ce ke a wajen haraji, sunanki na nan a takardata. Amma fa cikakken karatu za ki ɗauka, kada ki yi rabi-rabi. Kuma ki rage aikin tsofaffin nan, kada albashinki ya yi yawa ya ɓata lissafi."

"Ina! Ba a yi haka ba," in ji Duane, ya farfaɗo kamar an zuba masa ruwa. "In ta koma a Agusta ai kamar sabon farawa ne. Sai a sake zama a kan maganar shekaru. Ba zan yarda ki ci na Agusta, ki zo Disamba ki lallaɓa ki ci na gaba ba."

"Kotu ta rubuta, Duane."

"Kotu ba ta san za a samu tsaiko ba."

Josie ta dube su, ɗaya bayan ɗaya, kamar tana son ta tuna inda ta san su. Ta buɗe ƙofar motata ta shiga ta ɗaura bel. Ni kuwa ina da magana cike da ciki, ta shekara da shekaru, amma da na buɗe baki sai na ga asarar numfashi ce. Na yi tsaki, na shiga, na ba mota wuta. A madubi ina hango su suna nuna wa juna yatsa, dusar ƙanƙara na taruwa a kan sanƙon Duane.

Muka hau titi. Muka wuce kwanar da ke zuwa asibitin, Josie ta kawar da kai ta kalli ɗaya gefen. Ina ta neman abin da zan ce, cewa Agusta ba nisa, cewa ni zan biya ko me za a yi, cewa za mu rubuta wa masu asusun tallafin mu roƙe su. Duk na san ta riga ta yi wannan tunanin, kuma ta fi ni sanin tsawon layin.

Sai da muka kai fitilar babban titi ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa, tana kallon gwiwoyinta.

"Anti, ki bi ta kantin kayan ma'aikatan asibiti."

"Me za ki saya?"

"Ba saya zan yi ba. Kala biyu na ɗauka, ɗayan yana jakata ban cire masa takardar farashi ba, za su karɓa." Ta shafa rigar da ke jikinta, ta gyara mata wuya. "Wannan dai na riga na sa."